Tirelar Yaya: Jingar Jika Sittin da Wuyan da Ya Tsage

Ni ke riƙe wa yayana littafin lissafi, don haka babu dalar da tirelar nan ta ci da ban rubuta ba. Yaya yana buga bulo a bakin gari ta hanyar Tanut, yana kuma da garka a wajajen Mirya, kilomita 18 gabas da garinmu Damagaram, wato Zinder. Bulo sai da ruwa, kuma duk wanda ya taɓa yin bazara a Zinder ya san halin ruwa a garin nan: famfo ya yi shiru kwana da kwanaki, ƴan garuwa su ƙara kuɗi, leburori su zauna a inuwa suna jiran jarka. Yana da tsohuwar Hilux, amma bayanta kullum cike yake da siminti ko bulon da za a kai wa masu gini. Abin da ya ƙudura shi ne ya samu ƙaramar tirela da motar za ta riƙa ja, a ɗora mata farin tankin roba mai kejin ƙarfe, irin mai cin lita 1,000. Idan kayan garka suka nuna, a sauke tankin a loda kabeji da albasa zuwa Kasuwar Dole.

Ga wanda ba ɗan Nijar ba, jika ɗaya sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar.

Da farko saye ya yi niyya. Wani dillali a Sabon Gari yana da guda ɗaya ƴar Turai, tana sheƙi, da fitilunta da ƙofar baya mai sakata. Ta shigo ƙasar tun kafin a rufe iyakar Benin, kuma dillalin ya san ba a shigo da wata nan kusa, don haka ya kafe a kan kuɗinsa. Yaya ya ɗauki mai waldar da ya saba yi mana ƙofofi da tagogi, wani dattijo da ya haura shekara ashirin a sana'ar, suka je dubawa, ni ma na bi su. Malam bai ko kalli sheƙin ba. Ya durƙusa ya karanta ɗan allon da ke manne a wuyanta, ya nuna mana lamba 750. Wannan lambar nauyin tirelar ne da na kayanta a haɗe, kuma a Turai nan ne iyakar tirelar da ba ta da birkin kanta. Idan aka cire nauyin jikinta, abin da ya rage bai fi kilo ɗari biyar da ɗoriya ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin Yaya kuwa tan guda ne cif, ban da kejinsa.

Ya ƙara da abubuwa biyu da ban taɓa tunaninsu ba. Na farko, babu sifirin a ƙarƙashinta. Roba ce a cikin aksul ɗin ke shanye gargada, kuma ranar da ta mutu ba mai gyara ta a Damagaram, ba kuma mai sayar da irin boris ɗinta. Na biyu, an lulluɓe jikinta da farin sinadarin nan mai hana tsatsa, wanda idan wutar walda ta taɓa shi yake tashi da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. "Alhaji," ya ce, "wannan ta ɗaukar ciyawar lambun Bature ce. Ka kai ta hanyar laterit da tan ɗaya, wata biyu ba za ta yi ba."

A nan maganar saye ta mutu. Har yau ina ganin shawarar daidai ce. Matsalar da ta biyo baya daga wani wuri ta ɓullo.

Lokacin ma ya kamata a ambata, domin ya shiga cikin kowane layi na littafina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta rufe iyaka ta kuma katse wutar da take ba Nijar, ba a mayar ba sai Maris 2024. A tsakiyar wannan tsukun, cikin hunturu, aka yi aikin. Ƙarfen da masu walda a nan suka saba samu daga Kano, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, ya koma sai ta ɓarauniyar hanya, kuɗinsa ya tashi. Wuta kuma ta zama ta rabo: a kawo ta da dare, a ɗauke da hantsi. Mai walda da babu wuta daidai yake da mahauci da babu wuƙa, sai Malam ya koma ga ɗan ƙaramin injin wutarsa mai shan fetur.

Jinga aka yi, kamar yadda aka saba. Malam ya ce jika casa'in ladan hannu, sandar walda da faifan yanka da mai duk a wuyansa. Yaya ya yi dariya ya ce ko mota ake ƙerawa? Aka yi ta ja, ana tuna wa juna zumunci da ƙofofin da aka yi a baya, har aka tsaya a sittin. Na ga Malam ya ɗan yi jim kafin ya ce Allah ya sa albarka. A watannin nan aikin gini ya tsaya cik, ba mai neman ƙofa, ga yara biyu a shago da iyali a gida. Yaya ya san haka, kuma da shi ya yi ciniki. Ba na cewa mugunta ce. Haka kowa ke yi a kasuwa, ni ma da ni ne mai kuɗin wataƙila haka zan yi.

Sharaɗi na biyu shi ne Yaya zai sayi ƙarfe da kansa. Dalilinsa sananne ne: kada a ce an sayi tsayi biyar alhali huɗu aka saya. Malam ya rubuta masa abin da ake bukata a bayan kwalin sandar walda. Shasi da bututu mai kusurwa huɗu, milimita 60 bisa 60, kaurin milimita uku. Wuya kuwa da ƙarfe mai kwari, wanda ake ce wa U, mai lamba 80, a yi shi reshe biyu su haɗu a gaba kamar bakin kibiya. Da Yaya ya ji kuɗin ƙarfen U a wurin mai sayarwa sai ya ce ba dole ba ne, ai bututun ma ƙarfe ne. Ya ƙaro tsayi ɗaya na bututu ya dawo. Mai shagon ya rantse masa milimita uku ne.

Milimita biyu ne. Ido ba ya raba su cikin sauƙi, musamman idan bakin bututun ya ɗan lanƙwashe wurin yanka, amma ma'auni yana rabawa. Tsayi ɗaya mita shida ne. Bututun 60 bisa 60 mai kaurin milimita biyu yana kusan kilo 21, mai milimita uku ya haura kilo 30, ƙarfen U mai lamba 80 kuwa ya haura kilo 50. Da mun ari sikelin mai sayar da gero mun ɗora, da magana ta ƙare tun a bakin shago. Malam yana ɗagawa da hannu ɗaya ya gane. Ya faɗa, Yaya ya ce an riga an biya kuma ba a mayarwa, a yi da shi haka nan. Aka yi da shi.

Ban da wannan, aikin ya yi kyau, kuma a nan na ga abin da shekara ashirin ke koya wa mutum. Aksul na bayan wata matacciyar Hilux suka samo a wurin masu tsoffin ƙarafa, da sifirin ɗinsa da ƙafafunsa. Yana da nauyi fiye da bukata, amma tayar motar da ta tirelar sun zama iri ɗaya, safaya guda ta wadatar, boris kuma duk mai kayan mota a garin yana da shi. Kwandon mita biyu da rabi ne. Yaya ya ɗauka a tsakiya za a sa ƙafafu, kamar amalanken jaki. Malam ya auna mita ɗaya da rabi daga gaba ya ja layi da alli, wato kashi shida a gaba, huɗu a baya. Ya ce dole kusan kashi ɗaya cikin goma na dukkan nauyin ya kwanta a kan ƙugiyar mota. Idan gaban ya yi sakayau, da zarar an ɗan taka mota tirela za ta fara kaɗa gindi hagu da dama har ta juyar da motar da ke jan ta. Ya auna daga ƙugiya zuwa kowane gefen aksul da igiya sau uku, sai da tsawon biyu ya zo daidai, domin in ya karkace ko da yatsa ɗaya ne tirela za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya.

Sarƙa ma sai da aka yi musu a kanta. Malam ya ce a sa sarƙa biyu masu kauri daga jikin shasi zuwa mota, ba daga bakin wuya ba. Yaya ya ce ƙarin kashe kuɗi ne. Malam ya ce in ba sarƙa shi ba zai saki aikin ba, ko da za a fasa biyansa. A wannan kaɗai ya kafe, aka bar masa.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Tirela ta fito da jan fenti mai hana tsatsa a ƙasa, shuɗi a sama, lissafina kuma ya nuna abin da aka kashe ya ɗan haura rabin kuɗin ƴar Turai. Yaya ya yi ta nuna wa abokansa. Ta yi bazara tana jigilar ruwa, ta shiga damina.

Ranar da ta karye, direban ya sauke rabin ruwan a wani wurin gini ya kama hanyar laterit da sauran rabin. Tankin da ke cike ya fi wanda ke rabi sauƙin ja, domin rabin tanki ruwa ne kilo ɗari biyar da ke gudu gaba da baya, duk taka birki ya daki gaban tankin, duk tashi ya daki bayansa. A kan gargadar da ruwan sama ya sassaƙa, wuyan ya ɓalle daidai inda ya haɗu da gaban kwandon. Gaban tirela ya faɗi ya kwanta a kan sarƙoƙin, ta ja ƙasa kamar taku ashirin, mota ta tsaya. Akwai yara da awaki a gefen hanyar. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Da sarƙar a bakin wuya aka ɗaura ta, da ta tafi tare da guntun da ya ɓalle, tirela kuma ta bi inda ta ga dama.

Na je na ga karayar da idona kafin a fara faɗa. Rabin bakin ƙarfen ya yi tsatsa, rabin yana fari ƙal. Ma'ana tsagar ta daɗe tana ci a hankali ƙarƙashin fenti, farin wurin ne kawai ya rabu a ranar. Abubuwa uku suka haɗu a wuri guda. Wuyan sanda ɗaya ne na siririn bututu maimakon reshe biyu na ƙarfen U. Sannan an ja walda a gicciye ta saman bututun, daidai inda yake lanƙwasa da miƙewa a kowane rami. Irin wannan layin tamkar zanen da mai yankan gilashi ke yi ne, ya nuna wa ƙarfe inda zai karye. Na uku, waldar ba ta shiga jiki ba. Ɗan injin ba ya iya ɗaukar sanda mai kaurin milimita 3.2 yadda ya kamata, ga bututun siriri da ke hujewa in an ƙara masa wuta, sai aka rage wuta aka yi da ƴar 2.5. Waldar ta kwanta a sama tana kyau, ƙasanta bai narke ya haɗe ba. Wannan layin, in ji Malam da bakinsa, babban yaronsa ne ya ja shi, ranar da shi ya tafi kafa wata ƙofa a Birni don ya samo kuɗin cefane.

Yaya ya je shagon da zafi. "Malam, amana na ba ka, ka bar wa yara?" Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce laifin waldar nasa ne, bai kamata ya bar yaro a kan wuya ba, kuma zai gyara. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai mai biro, rubuta." Daga jika sittin ɗin, mai ya ci goma sha biyar, domin lita tana sefa 540 a lokacin kuma injin kusan kullum a kunne yake. Sandar walda da faifan yanka sun ci goma sha huɗu. Yara biyu, kowanne sefa ɗari biyar na abinci a yini, kwana goma sha ɗaya, jika goma sha ɗaya ke nan. Saura ashirin.

Na raba ashirin gida goma sha ɗaya a gabansu, ya ba ni sefa 1,800 da ƴan kai a yini. A watan Janairun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Nijar daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a wata. In an raba wannan a kan kwanakin aiki ashirin da shida, ya kama kusan 1,600. Wato mutumin da ya san inda ake kafa aksul, wanda ya hana mu sayen abin da zai karye, wanda sarƙarsa ta tsare ƴaƴan mutane, ya tashi da abin da ya ɗara na sabon ɗan share ofis da wajen dala arba'in kacal. Ban sa hayar shago a ciki ba, ban sa lalacewar inji ba.

Haka sana'ar take a nan, kuma shi ya sa masu walda suka fi son ƙofa da taga. Ƙofa awonta sananne ne, yaro ma zai iya haɗa ta, a gama biyu a yini, in waldar ta yi rauni iyakarta ta yi ƙara idan an buɗe. Tirela kuwa tunani take ci, tana cin kwanaki, tana ɗauke da rayukan mutane, amma mai kuɗi da awon ƙofa yake auna ladanta: tsayi nawa aka yanka, sanda nawa aka ƙona. Ba ya ganin awon igiyar nan sau uku a matsayin aiki. Yaran shago kuma ba albashi gare su ba. Iyaye ke kawo su koyo, a ba su na abinci, ran da aka samu babban aiki a ɗan ƙara musu. Yawancinsu da baƙin tabarau na kasuwa suke walda, ko su rufe ido su kau da kai, dare ya yi su kwana suna hawaye kamar an zuba musu yashi a ido.

Wanda ya ƙware a cikinsu ba ya zama. Akwai inda walda ke da daraja, kuma ba nisa. Matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011, da bututun da ke kawo mata ɗanyen mai daga Agadem, ga kuma babban bututun da aka ja daga Agadem ɗin zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000. A irin wannan aikin sai an gwada hannun mutum kafin a ɗauke shi, kuma ana haska waldar da na'ura a ga cikinta, don haka ana biyan abin da ke ƙasan waldar, ba kyan samanta kaɗai ba. Wasu kuma su nufi Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu Libiya ko Aljeriya. Malam ya ce yara uku ya yaye da suka fi shi hannu, ba ko ɗaya a Damagaram yanzu. Waɗanda suka rage masa su ne masu koyo, su ne kuma ake bar wa wuyan tirela idan maigida ya fita neman na cefane.

Yaya ya yi shiru da ya ga lissafin. Shi mutum ne mai zafin ciniki, amma ba ya musu da lamba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To ai da ka faɗa." Malam ya ce, "Na faɗa, Alhaji. Casa'in na ce."

A nawa ganin laifin ya rabu, amma bai rabu daidai ba. Malam ya yi kuskure da ya karɓi bututun da ya san bai isa ba, ya kuma bar yaro a kan gaɓar da ta fi kowace haɗari. Yadda ya kafe a kan sarƙa, haka ya kamata ya kafe a kan wuya. Sai dai jika talatin da aka zaftare masa su ne suka fitar da shi daga shago a ranar, kuma wanda ya sauya ƙarfen U da bututu ba shi ba ne. Arahar da muka yi ta murna da ita, wani ɓangarenta daga aljihun Malam ta fito, wani daga kaurin ƙarfe.

Gyaran ya zo bayan an buɗe iyaka, wuta ta ɗan daidaita. Wannan karon tare suka je sayen ƙarfe, aka ɗora shi a sikeli. An yi wuyan reshe biyu da ƙarfen U, aka zura shi ta ƙarƙashin shasi har kusa da mariƙin sifirin, aka yi waldar a tsaye ta gefe-gefe, ba a gicciya saman ba. Malam ya nemo sanda mai lamba 7018 maimakon 6013 da aka saba ƙofofi da ita, ya gasa ta a kan murhu kafin amfani domin ba ta son danshi, ya kuma jira wutar gari ya yi da babban injinsa. An ƙara wa shasin ƙarfe biyu a gicciye ƙarƙashin tankin. Ya ce ba zai karɓi ladan wuyan ba tunda nasa ne ya karye. Yaya ya ƙi, ya biya shi na kwana huɗu a kan jika huɗu kowace rana, mai da sanda a wuyan Yaya. An kuma kafa wa direba doka: tanki ko dai cike ko wayam.

Da na haɗa komai, har da sabon tanki domin tsohon ya fashe a gindi, tirelar ta ci wajen kashi huɗu cikin biyar na kuɗin ƴar Turai. Tana ɗaukar ninkin abin da waccan za ta ɗauka. Abu ɗaya da har yanzu bai kwanta mini ba shi ne birki: nauyinta da ruwa ya kusa kilo 1,400, kuma birkin motar kaɗai ke tsayar da su duka. Gangunan birkin aksul ɗin suna nan a jikinsa, ba a haɗa su da komai ba. Na rubuta shi a shafin abubuwan da za a yi, Yaya ya ce sai bayan an sayar da albasa.

Wani maƙwabcinmu mai garka a Gidimuni ya ga tirelar ya ce a kai shi wurin wanda ya yi ta. Na raka shi. Malam ya saurare shi har ya gama, ya ce jika ɗari da ashirin ladan hannu, kuma shi zai zaɓi ƙarfe. Mutumin ya ce ai ya ji an yi wa Alhaji a sittin. Malam ya ce haka ne, ya sauke gilashinsa a fuska ya koma kan tagar da yake haɗawa.